Waƙafin da Ya Rage

Ofishin gundumarmu ɗaki ɗaya ne tak,
a bayan coci, can cikin tsaunukan arewacin Fotugal,
inda dusar ƙanƙara kan toshe hanya kwana uku
ba wanda ya tambayi lafiyarmu.
Nan nake wuni, ni da tsohuwar kwamfuta
da murhun lantarki mai gasa mini ƙafa ɗaya
ya bar ɗayar wa sanyi.

Ran Asabar za a raba burodin biki,
kowane kai da nasa.
Amândio mai gashi yana son adadi kafin rana ta faɗi,
shi ba ya kwaɓa gari da kintace.

Wanda ya riga ni zama kujerar nan
ya cusa kowane iyali cikin akwati guda na jadawali,
suna, waƙafi, suna, waƙafi,
kamar kifin gwangwani.
Gida tamanin da huɗu.
In na bi su da yatsa, idona ya yi ruwa
tun ban kai gidan Hermínio ba.

Jikata Iolanda ce ta ba ni dabara ta waya,
tana magana tana tauna wani abu:
"Kaka, bar ƙirga mutane,
ƙirga abin da ke tsakaninsu.
Sa na'ura ta auna tsawon rubutun,
ta share waƙafan, ta sake aunawa.
Abin da ya ɓace, yawan waƙafi ke nan.
Sai ki ƙara ɗaya,
don na ƙarshe ba kowa a bayansa."

Na rubuta fomular, baka cikin baka,
na manta ban rufe ɗaya ba, ta ƙi ni.
Na rufe. Na kama kusurwar akwatin na ja ƙasa,
sai ga lambobi na zubowa
kamar zaitun in an girgiza reshe:
huɗu, biyu, shida, ɗaya, ɗaya, uku.

Jimilla ɗari biyu da goma sha uku.

A'a.
Ni na san mu.
Ba jana'izar da ban taka ba, ba jaririn da ban ɗauka ba.
Mu ɗari biyu da tara ne.

Na bi sawu. Uku ba su wahalar da ni ba:
gidan su Albano da suka koma Faransa,
gidan malamin makaranta, da na bakin gada
wanda inabi ya shiga ta tagarsa.
Akwatunansu wayam,
amma sifili a cire sifili a ƙara ɗaya
ya zaunar da mutum inda ko kyanwa babu.
Na gindaya wa fomular sharaɗi:
in kin tarar ba kowa, ki ce ba kowa.
Ta yarda. Ɗari biyu da goma.

Saura ɗaya.
Shayina ya huce, ƙararrawar coci ta buga huɗu,
kafin na gan shi a layi na sittin da bakwai:

Deolinda,

Ni da hannuna na goge sunan Belmiro
a watan Maris, washegarin binne shi.
Na cire haruffa bakwai, na bar ɗan ƙugiyar nan
yana rataye a bayanta,
kamar ƙusar da hularsa ke kwana a kai.
Na'ura ba ta san mutuwa ba.
Ta ga waƙafi, ta ce akwai mai zuwa.

Na kai alamar rubutu bayansa, tana ƙyaftawa.
Dannawa ɗaya ce.
Ta taga ina hango hayaƙin gidanta,
siriri, na tukunyar mutum ɗaya.

Waya ta yi ƙara. Amândio ne.
"Graciete, nawa?"
Na ce ɗari biyu da goma.
"Kin tabbata?"
Na ce haka lissafi ya nuna.

Na adana jadawalin yadda yake,
na kashe murhu, na nemi makulli.